Baffana da Motar da Ke Goya Igwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana goma sha ɗaya da muka binne Baffana, wan mahaifina, a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan garin Kuala Lumpur, cikin jar ƙasa mai danƙo da ruwan sama ya jiƙa. Ya haura tamanin da 'yan shekaru, shi kansa bai taɓa tabbatar da adadin ba.

Ba mu fi mu ashirin a wajen jana'izar ba: 'yan kasuwa irina masu sarin yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, da ɗaliban da ke zaune kusa da mu a unguwar Setapak. A nan ba da diga da shebur ake haƙa kabari ba, wata 'yar ƙaramar katafila ce mai tafiya kan sarƙa take tonawa. Tana cikin aiki sai wani abokin sana'ata ya sunkuyo wajen na kusa da shi ya ce, “To, ga shi dai sarƙar tasa ce ta haƙa masa.” Mutum uku suka rufe baki da hannun riga. Na ji su. Kowa ya san Baffa da labarin motarsa mai sarƙa, ni ma sai da na cije leɓe don kada na yi dariya.

Da muka dawo gida aka shimfiɗa tabarmi a falo, malamin da ya yi masa salla ya so ya faɗi alheri a kan mamaci kamar yadda aka saba. Ya yi gyaran murya, ya dubi silin, ya ce, “Marigayi dai mutum ne mai... tsari.” Daga nan bai ƙara ba, ya ɗaga hannu aka shiga addu'a. Wani ɗalibi mai neman digiri na uku ya kama hannuna a bakin ƙofa ya ce, “Allah ya ji ƙansa, Alhaji. Amma wallahi tsohon nan ya taɓa sa ni hawaye da gemuna.” Maiɗakina ta dafa shinkafa, aka ci, aka tashi hirar biza da tikitin jirgi. Mutum ɗaya ce ta yi kuka a gidan nan, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Sin da ke hawa na ƙasa, wadda ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya.

Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. In ban rubuta ba, abin da zai rage na Baffa a garin nan shi ne zolayar da aka yi a bakin kabarinsa. Ya fi haka, a alheri da akasinsa.

Mahaifina ya rasu a yaƙin basasa ina cikin ciki. Shi da Baffa duka sojojin igwa ne, runduna ɗaya, Baffa yana saje, ƙanen nasa yana farabiti. Abin da aka gaya mini tun ina yaro shi ne harsashi ya same shi. Da Innata ta sake aure, ina da shekara huɗu, aka kai ni bariki wajen Baffa. Ya yi aure sau biyu, duka matan suka tafi da ƙafarsu, bai kuma haihu ba. Saboda haka mu biyu muka rayu a ɗaki ciki da falo, ni da shi da akwatin kayan kanikancinsa, don bayan yaƙi ya koma sashen gyaran motoci da igwa har ya yi ritaya yana samanja.

Bai taɓa kirana da sunana ba. Kurtu yake ce mini. Na yi aure, Kurtu. Na yi furfura, na je Hajji, Kurtu. Kullum da safe sai na tsaya a gabansa ya duba farcena da wuyan rigata. Idan ya ga datti ba ya faɗa, sai ya ɗauke kwanon kokona ya juye a rariya a hankali, yana kallon wani wuri. Wannan shi ne abin da na fi tunawa da shi: Baffa ba ya duban fuskata. Ko dukana zai yi, kafaɗata yake kallo.

A cikin murfin akwatin nan akwai wata takarda da ya yago daga tsohon littafin Turawa a makarantar horon sojojin igwa. Hoton wata mota ce mummuna, doguwa, a kwance kan sarƙa, da igwa a zaune a bayanta. Wannan hoton shi ne abin da ya fi so a duniya. Duk wanda ya zauna kusa da Baffa minti goma sai ya sha labarinta.

“A yaƙin duniya na farko,” haka yake farawa, “tanka ta iya tsallake rami ta yi gaba. Igwa kuwa tana baya, dawakai na janta, taɓo ya haɗiye su har ƙirji. Sai masu hankali a Ingila suka ce, to a goya ta mana. Su kwance mata tayoyinta biyu su rataye a gefen motar. Su jawo ta sama da igiyar ƙarfe, ta zauna daram, bakinta ya leƙo gaba tsakanin 'yan ɗakuna biyu na sulke, ɗaya na direba, ɗaya na mai birki. Inji yana baya. In an isa, a sauke ta, a mayar mata da tayoyinta. Wata ma daga kan motar ake harba ta.”

Daga nan sai ransa ya ɓaci, kamar jiya abin ya faru. “Kaɗan suka ƙera. Kaɗan ɗin ma manyan hafsoshi suka mayar da su jakuna, suna dakon harsashi da abinci. Mota an yi ta don igwa, an ɗora mata gwangwanin nama!” Sai ya yi tsaki ya rufe akwati.

Shekara uku da suka wuce ƙodarsa ta gaza. Ba shi da kowa sai ni, na ɗauko shi na kawo shi nan, ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako. Na ba shi ɗakin 'yata, ita ta koma falo. Ran da ya iso ya zagaya gidan da sandarsa, ya shafa saman firiji, ya dubi yatsansa, ya ce wa maiɗakina, “Wannan ne gidan da aka ce an yi arziki?” Ita ce ta yi ta wanke masa jiki daga baya, tana kiransa Baba, bai taɓa ce mata sannu ba. In miya ta yi masa daɗi sai ya ce yau gishiri bai yi yawa ba.

'Yata, mai shekara goma sha huɗu, a nan aka haife ta. Ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci ko Malayanci. Na zaci za su yi ta rikici. Sai ga shi ita ce ta ɗauki hoton nan ta bincika a waya, ta nuno masa wasu hotunan motar da bai taɓa gani ba, har da wani ɗan guntun fim tana tafiya tana tangaɗi. Ya kalla sau bakwai a jere. Ta nuna masa wata ta Faransa, motoci biyu a ɗaure da wayar lantarki, ɗaya na goye da igwa, ɗaya na goye da harsashi da janareta tana ba 'yar'uwarta wuta. Baffa ya buga cinya ya ce, “Kai! Mutanen nan ba su bar wa kowa hankali ba.” Ranar ce na fara ganin haƙoransa a waje.

Tun daga nan ya mayar da baranda garejinsa. Gwangwanin madara, sarƙar keke, almakashi, filaya, dalma. Ya ƙera motar Ingila, tsawon kamu biyu, da igwarta da ake cire wa taya da gaske. Ya ƙera ta Faransa. Ya ƙera wasu da ban san asalinsu ba. 'Yata tana riƙe masa waya, yana ce mata, “Matso da ita, sarkin surutu,” ita kuma tana ba shi haƙuri da Malayanci, “Sabar lah, Kaka.” Ita yana duban fuskarta. Kamannin uwarta ta ɗauko, ba nawa ba.

Ɗalibin nan da ya ce Baffa ya sa shi hawaye, injiniya ne, ya zo gaisuwa ran Salla da sabuwar shadda. Baffa ya ji abin da yake karantawa, sai ya tura masa motar gwangwani a gabansa.

“Motar nan ta ninka igwar nauyi. Igwa ita kaɗai ta nutse a taɓo. Ka ɗora ta kan abin da ya fi ta nauyi, su wuce tare. Me ya sa?”

Ɗalibi ya yi murmushi ya fara zubo Turanci.

“Da Hausa,” in ji Baffa.

Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Falo cike da mutane. Baffa ya ce ya miƙo hannu. Ya ɗauki ƙusa ya ɗora tsininta a tafinsa ya danna, bai saki ba sai da jini ya ɗigo kan shaddar. Sannan ya ɗauki murfin gwangwani ya danna a ɗaya hannun.

“Ƙarfina ɗaya ne a duka biyun. Faɗi ne ya bambanta. An ɗauko ka a jirgi tun daga gida don ka koyi ƙarfe, ka kasa gaya wa tsohon makanike abin da ƙusa ta sani. Je ka rubuta a littafin naka.”

Na bi bawan Allah har matattakala ina ba shi haƙuri. Bai sake tako gidan ba sai ran ta'aziyya.

Amma kuma shi ne wanda ya ga tsohuwar hawan ƙasa tana fama da kekenta na guragu a bakin ginin, inda dakali ya yi tudu, kullum sai ta jira mai wucewa ya ɗaga ta. Bai yi wa kowa magana ba. Ya sa na kai shi wajen masu tsohon ƙarfe, ya zaɓo faranti biyu, ya kwana uku yana gogewa da huda, ga gajiyar wankin ƙoda. Ya kafa mata gangara, ya kwance tayoyin keken ya sa musu giris. Da ta kawo masa lemo a leda don godiya, ya karɓa, ya nuna birkin keken, ya yi mata faɗa da Hausa na minti biyar a kan ƙazantar da ta bari ta taru a ciki. Tana ta dariya tana gyaɗa kai. Daga nan kullum da hantsi suna zaune a ƙofar gini, kowa na yarensa.

Bara, wata ranar Talata da la'asar, muna dawowa daga asibiti ruwa ya tsare mu a shagon mamak, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gininmu. Na sa aka kawo masa shayi marar sukari. A tsallaken titi ana gini, wata tifa ta kafe a laka, ma'aikata biyar sun taru suna turawa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauko katako ya durƙusa zai cusa a ƙarƙashin tayar baya.

Baffa ya miƙe tsaye, mutumin da sai an kama shi yake tashi. “Kai! Fito! Fito daga nan, ɗan banza!” Kowa a shagon ya juyo. Ma'aikacin bai ma ji shi ba, ya cusa katakonsa ya fito lafiya, tifa ta fita. Baffa ya koma ya zauna yana haki. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

“Ubanka ba harsashi ba ne,” ya ce. “Taya ce.”

Na zaci ban ji daidai ba.

“Damina ce, a kan wata gangara. Motar da ke jan igwa ta kafe. Muka kwance igwar, muka ɗaura mata igiya, mutum talatin suna ja. Tana hawa tana dawowa. Na ce a sa mata itace a bayan taya. Kowa ya noƙe. In na tura ɗan wani a ce na ɓoye ƙanena. Na ce masa ya shiga.”

“Ya shiga?”

“Ya ce, Yaya, igiyar nan ta jiƙe. Na mare shi a gaban kowa. Ya shiga. Igiya ta tsinke.”

Ruwa na ta zuba kan rumfa. Mai shagon ya zo yana tambaya ko za a ƙunsa mana gurasar roti mu tafi da ita, na girgiza kai. Na jira abin da zai biyo baya. Na ɗauka yanzu ne tsohon nan zai ce wani abu da bai taɓa cewa ba.

“Shekara hamsin kafin ranar nan,” ya ce, “Turawa sun riga sun ƙera motar da za ta goya ta. Shekara hamsin. Mu aka ba mu igiya. Da muna da sarƙa da ba a yi haka ba.” Ya kurɓi shayi. “Shi ma da nawarsa. Na ce ya sa itacen ya fito. Ya tsaya gyara masa zama.”

Na kai shi sama, na zaunar da shi kan gado, na cire masa takalmi. Daga ranar ban sake yi masa magana ba har wata bakwai. Maiɗakina ce ke kai shi asibiti. Ina shiga falo yana zaune, in wuce kamar kujera ce. Ta yi mini nasiha, ta yi kuka, ta ce, “Abban yara, tsoho ne fa, kuma marar lafiya. Ka ji tsoron Allah.” Na ce mata shekara hamsin ina yi wa wanda ya kashe ubana gugar takalmi, ya isa.

Ba zan ɓoye nawa ba, tunda na faɗi nasa. Wata Asabar na dawo daga kasuwa na tarar yana baranda yana nuna wa 'yata yadda ake jawo igwa sama da zare. Muryarsa ɗaya da wadda ya ba ni labari da ita a shagon mamak. Na ɗauko buhun shara. Na kwashe motocin ɗaya bayan ɗaya, guda tara. Ta Ingilan ba ta shiga buhu ba, sai na ajiye ta a ƙasa na taka, na sake takawa har sarƙar ta watse a kan tayil. 'Yata tana ihu tana jan rigata. Baffa na zaune a kujerarsa, hannuwa a kan gwiwa. Da na gama ya dubi ɓaraguzan ya ce, “Ka bar ƙusa a ƙasa, Kurtu. Yarinya za ta taka.”

Bai sake taɓa filaya ba. Ya daina sauka wajen tsohuwar. Cikin wata biyu ya zube, aka kwantar da shi.

Ran Laraba da safe maiɗakina ta kira ni daga asibiti ta ce Baba yana nemana, likita ya ce a zo. Na je. Ya ƙanƙance a cikin zanin gado, an sa masa roba a hanci. Na tsaya daga wajen ƙafarsa. Ya buɗe ido, kuma a karo na farko da zan iya tunawa ya dube ni sosai a fuska. Ya daɗe. Leɓensa na motsi.

“Kurtu,” ya ce. “Ka sallame ni.”

Na san abin da yake nufi, yafiya yake nema. Maiɗakina ma ta sani, ta taɓa gwiwar hannuna. Kalma ɗaya ce, ana faɗarta ga maƙiyi ma a irin wannan wuri.

Na ce, “Ba ni taya ta taka ba, Baffa. In ka je ka tambaye shi.”

Ya lumshe ido, ya ɗan gyaɗa kai, kamar yadda yake yi in ƙaramin soja ya ba shi amsa daidai. Na fita na hau jirgin ƙasa na tafi shago. Ina auna wa wata 'yar Ghana leshi aka kira ni aka ce ya cika, bayan azahar kaɗan.

Sai da aka yi sadakar uku na iya kiran Innata. Tana Kano wajen ƙannena, ta tsufa amma hankalinta garau. Ta yi mini gaisuwa, na yi mata. Sannan na ce, “Inna, akwai maganar da ya gaya mini kafin ya rasu. A kan mahaifina.”

Ina jin kaji a tsakar gidan.

“Sai yanzu ya faɗa?” ta ce. “Ai ni tun ina takaba na sani. Wanda ya kawo kayan babanka yana wurin, shi ya gaya mini komai, har marin.”

“Kin sani, kika bari aka kai ni wajensa?”

“Bari? Danginku Gwaggonka suka so ba wa, tana da yara, tana da haƙuri. Ni na ce a'a, wan babanka za a kai wa.” Muryarta ba ta canza ba, kamar tana faɗin farashin gero. “Kai ba ka san babanka ba. Tun kana rarrafe duk wanda ya gan ka sai ya yi salati. Goshin, idon, har yadda kake karkata kai. Ni mace ce, ba ni da hukuma, ba ni da bindiga. Na ce to ya tashi kullum da safe ya ga ƙanensa tsaye a gabansa yana jiran koko.”

Na ce, “Inna, shekarata huɗu.”

“Na sani,” ta ce. “Ni na yi maka wanka ranar.” Ta yi tari, ta nemi a miƙo mata ruwa. “Ya sha wuya wajen fita?”

Na ce ya sha.

“To,” in ji ta. “Allah ya ji ƙan Musulmi.”

Wannan shi ne Baffana: samanja, makanike, wanda ya ciyar da ni ya tufatar da ni ya sa ni a makaranta, bai taɓa barina na kwana da yunwa ba sai in shi ya ga dama. Wanda ya san shi ya sa shi a addu'a. Ya Allah, kai ka san abin da ya faru a gangaren nan, ka san abin da ya faru a ɗakin asibiti. Ka yi masa rahama, ka haɗa shi da ƙanensa su daidaita a gabanka. Kalmar da ya roƙa ina faɗarta yanzu bayan kowace salla, da ƙarfi, a ɗakin da ya bari. Ka isar masa da ita, don ni na makara.